Gubar Dalma: Yadda Ake Tsaftace Ƙasa da Kare Ruwan Rijiya

Dalma ƙarfe ne mai guba wanda ba ya ruɓewa. Idan ta shiga ƙasa, takan zauna shekaru aru-aru, sai dai a kwashe ƙasar ko a rufe ta. A Arewacin Nijeriya, babbar hanyar da take bi ta shiga gidaje ita ce niƙan duwatsun zinare masu ɗauke da ita. Ƙurar takan kwanta a tsakar gida, yara ƙanana kuma su haɗiye ta yayin wasa.

A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano annobar a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, inda yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta, Abare, 'Yargalma da Bagega. A watan Mayu na 2015 kuma Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta sanar da mutuwar yara 28 a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja. Ƙauyukan Unguwar Magiro da Unguwar Kawo da ke yankin Shikira ne abin ya fi shafa.

Matakan tsaftacewa

Ana farawa da auna ƙasa gida-gida da wata na'urar hannu mai suna XRF, wadda ke nuna yawan ƙarfen nan take. A aikin Zamfara, iyakar da aka yi amfani da ita ita ce miligiram 400 na dalma a kowane kilo na ƙasa, amma a wasu wuraren niƙa an samu fiye da 100,000.

Inda gubar ta yi yawa, ana kankare saman ƙasa kimanin santimita 5 da fartanya da shebur, a zuba a buhuna, a kai ramin binnewa a wajen gari, sannan a shimfiɗa sabuwar ƙasa da aka tabbatar da tsaftarta. Ana share ɗakuna, a wanke tabarmi da kayan girki. Da shawarwarin cibiyar TerraGraphics ta Amurka aka tsaftace Bagega a 2013, Shikira kuma a 2016.

Tilas wannan aiki ya gabaci magani. Idan aka ba yaro maganin da ke fitar da dalma daga jini, ya koma gidan da ba a tsaftace ba, gubar za ta sake taruwa a jikinsa.

Kare ruwan ƙarƙashin ƙasa

Dalma tana manne wa laka, don haka ba ta saurin nutsewa zuwa idon ruwa, sai inda ƙasa take da tsami ko yashi. Binciken da tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar a Zamfara a 2010 ya nuna cewa gubar da aka samu a wasu rijiyoyi ta sama ta shiga, ta hanyar ƙura da kwararar ruwan sama. Kududdufan da ake wanke duwatsu a cikinsu su ma sun gurɓata, ga shi dabbobi na sha daga gare su.

Saboda haka, ya kamata a ɗaga bakin rijiya, a dafe kewayenta da siminti, a yi mata murfi, kada kuma a ajiye guga a ƙasa. Ramin binne gurɓatacciyar ƙasa kuwa a haƙa shi nesa da rijiyoyi da fadama, a kan tudu mai yumɓu, a rufe shi sosai, a sa masa alama don kada a yi gini ko noma a kai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada dalma ta wuce miligiram 0.01 a lita ɗaya ta ruwan sha. Ba a gane ta da ido ko ɗanɗano, kuma tafasa ruwa ba ya cire ta. Gwaji ne kaɗai ke tabbatar da lafiyar rijiya.

Hana komawar guba

Garin da aka tsaftace yana iya sake gurɓata idan aka ci gaba da niƙa a cikin gida. Shi ya sa ake horar da masu haƙa su yi niƙan da ruwa a wajen gari, su yi wanka su sauya tufafi kafin su koma ga iyalansu. Wannan ka'ida ta shafi masu fasa tsofaffin baturan mota, domin su ma dalma ce a cikinsu, musamman a garuruwa irin su Diko da Suleja inda gidaje da dama ke shan ruwan rijiya da burtsatse.