Hoton Soweto na 1976

Ranar 16 ga Yuni, 1976, dubban ɗalibai baƙar fata suka fito zanga-zanga a Soweto, kusa da birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu. Musabbabin fitowarsu harshe ne: gwamnatin wariyar launin fata ta tilasta a riƙa koyar da su wasu darussa da Afrikaans, harshen masu mulki. 'Yan sanda suka buɗe musu wuta.

Sam Nzima, mai ɗaukar hoto na jaridar The World, yana wurin. Ya ɗauki hoton wani saurayi, Mbuyisa Makhubo, rungume da Hector Pieterson, yaro ɗan shekara 12 da harsashi ya sama, ga yayar yaron, Antoinette, tana gudu a gefensu tana kuka. Da yake Nzima ya san halin 'yan sanda, sai ya zare fim ɗin ya cusa cikin safarsa. Ba don wannan dabara ba, da hoton ya salwanta.

Jaridu a faɗin duniya suka buga shi. Gwamnati na iya jayayya kan yawan waɗanda aka kashe, amma ba ta da bakin musanta yaron da kowa ya gani da idonsa.

Sai dai hoton bai bar waɗanda ya shafa lafiya ba. An haramta The World a 1977. Nzima ya ajiye kyamara ya koma ƙauyensu, Lilydale, 'yan sanda na sa masa ido, kuma sai a 1998 ya sami haƙƙin mallakar hotonsa. Makhubo kuwa ya tsere daga ƙasar. Wasiƙarsa ta ƙarshe ga mahaifiyarsa daga Nijeriya ta fito, a 1978.