Sati 13 a Asibitin Wasu: Yadda Jinyar Ci-rani Ta Zama Kasuwa a Amurka

A Amurka akwai ma'aikatan jinya da ba su da asibitin da za su kira nasu. Nas za ta yi sati 13 a Arizona lokacin hunturu, sa'ad da tsofaffi ke tururuwa can don guje wa ƙanƙarar arewa, wa'adi na cika ta loda kayanta a mota ta nufi wani ƙaramin gari a Dakota. Tana ba da magani, tana ɗaura ruwa, tana kwana a kan marasa lafiya kamar kowace nas a sashen, amma albashinta ba daga asibitin yake fitowa ba. Wani kamfani ne ya ɗauke ta, ya ba asibitin hayar aikinta, yana karɓar kuɗi a kan kowace awa, ya cire la'adarsa, ya miƙa mata saura. Wannan ita ce jinyar ci-rani, kuma na daɗe ina cin abinci da ita. Ƙannena a sana'a, na nan da na gida, tambaya ɗaya suka fi yi mini: wane kamfani ya fi biya? Duk wanda ya san yadda kasuwar nan ta tashi, ba da wannan tambayar zai fara ba.

Labarin da ake bayarwa a tsakaninmu shi ne abin ya samo asali a 1978 a birnin Niyu Olins, lokacin bikin Mardi Gras. Gari ya cika da baƙi, asibitoci suka cika da waɗanda suka ji rauni, ma'aikata suka gaza, sai aka ɗauko nas-nas daga wasu jihohi na ɗan lokaci. A shekarar ne Bruce Male ya kafa kamfanin TravCorps a yankin Boston, wanda ake ɗauka a matsayin na farko a wannan harka. A 1985 Steven Francis da matarsa Gayle suka kafa American Mobile Nurses, wanda yau ake kira AMN Healthcare. TravCorps ya haɗe da kamfanin Cross Country a 1999, kuma a 2001 duka biyun, AMN da Cross Country, suka shiga kasuwar hannun jari. Wannan shekarar ta fi 1978 muhimmanci a ganina. Daga ranar da kamfani ya sayar da hannun jari, akwai masu kuɗi da ke jiran rahoton riba duk bayan wata uku, kuma ba su taɓa juya majinyaci a kan gado ba.

Tsofaffin da na tarar a aikin suna ba da labarin zamanin farko da shauƙi. Kamfani ne ke kama maka gida da kayan ɗaki, ka iso ka tarar da makulli. Wakilin kamfani ya san shugabar sashen da za ka je da sunanta, yana iya ɗaga waya ya ce mata ga wance, na san aikinta. Yawancin masu yi matasa ne da ke son ganin ƙasa, kuɗin kuma bai fi na zaunannen ma'aikaci da wani abin a-zo-a-gani ba.

Dokoki biyu ne suka faɗaɗa kasuwar. Ta farko yarjejeniyar lasisi ce tsakanin jihohi, wadda ta fara aiki a 2000 da jihohi ƙalilan, cikinsu har da Tekzas da Maryland. A Amurka kowace jiha ce ke ba da lasisin jinya nata, don haka kafin wannan yarjejeniya duk tsallaka iyaka sai an sake cika takardu an biya kuɗi an jira. Yanzu jihohi kusan 40 suna karɓar lasisi ɗaya, ko da yake Kalifoniya da Niyu Yok ba sa ciki. Ta biyu dokar Kalifoniya ce da aka sa wa hannu a 1999, ta fara aiki a 2004, wadda ta ƙayyade yawan majinyatan da za a ɗora wa nas guda: biyu a sashen gobe-da-nisa, biyar a sashen kwanciya na gama-gari. Asibitin da ba shi da isassun ma'aikata dole ya nemo su ko ya rufe gadaje. Har yau 'yan ci-rani na son Kalifoniya, kuma ba don kuɗin kaɗai ba. Wanda ya taɓa riƙe majinyata bakwai shi kaɗai a aikin dare ya san darajar dokar da ta ce biyar.

Sai karayar tattalin arziki ta 2008. Mutane suka rasa ayyuka da inshorar lafiya, aka ɗage tiyatar da ba ta gaggawa ba, nas-nas da suka yi ritaya ko suka rage aiki suka dawo saboda mazajensu sun rasa abin yi. Asibitoci suka daina neman baƙi. A 2009 kasuwar ta durƙushe, ƙananan kamfanoni da dama suka rufe. Ba ta farfaɗo sosai ba sai da dokar inshorar lafiya ta zamanin Obama ta ƙara wa asibitoci majinyata daga 2014. Duk wanda ya ga wancan lokaci ya fahimci abu guda: asibiti na ɗaukar ɗan ci-rani ne daidai domin shi ne mafi sauƙin sallama.

A wannan tsakanin ne aka shigo da wani mataki da sababbin shiga ba sa gani. Manyan asibitoci suka gaji da hulɗa da kamfanoni barkatai, sai suka riƙa damƙa duk harkar ga kamfani guda, ko ga wata manhaja da ake liƙa guraben aiki a cikinta. Sauran kamfanoni su shiga manhajar su tura takardun mutanensu, mai manhajar ya yanki nasa kaso daga kuɗin. Manyan kamfanonin ma suka saye manhajojin. AMN ya sayi manhajar ShiftWise a 2013. Ga abin da hakan ke nufi gare ki, ƙanwata: gurbin da kamfani biyar ke tallata miki, sau da yawa gurbi ɗaya ne, kuma kuɗin da asibitin zai biya a kan awa ɗaya ne. Bambancin yana wajen yadda kowane kamfani ya yanka kuɗin, da kuma wanda ya fi kusa da asibitin. Kamfanin da ke riƙe da kwangilar asibitin kai tsaye yakan riga kowa ganin gurbin. Kuma kada ki bari kamfani biyu su tura sunanki gurbi guda, domin wasu asibitocin sai su ajiye takardun gaba ɗaya.

Yadda ake yanka kuɗin shi ne inda aka fi cutar mutane, don haka zan daɗe a nan. Daga abin da asibiti ya biya, kamfani na riƙe kusan kashi ɗaya cikin huɗu, daga ciki yake biyan ma'aikatansa ya fitar da riba. Sauran sai a kasa shi biyu: albashin awa, wanda ake cire wa haraji, da alawus na gida da abinci, wanda ba a cire masa. Kamfani na son ya ƙanƙantar da albashin ya kumbura alawus, saboda shi ma harajinsa na raguwa, ke kuma adadin da za ki gani a mako ya yi kyau a ido. Amma hukumar haraji ta IRS ba ta yafe harajin alawus sai ga wanda ke da mazauni na gaskiya a wani wuri, yana biyan haya ko kuɗin gida a can, yana kuma sake biya a inda yake aiki. Wanda ya wuce shekara guda a wuri ɗaya, wurin ya zama mazauninsa a idon hukumar. Za ki ji wakilin kamfani ya ce in dai kin yi nisan mil 50 daga gida shi ke nan. Wannan ƙa'idar kamfanoni ce, ba ta cikin dokar haraji. In bincike ya zo, ke za a tambaya, wakilin ba zai bayyana ba. Ƙaramin albashin awa kuma yana bin mutum: da shi ake lissafa kuɗin ƙarin lokaci, shi banki ke dubawa in kin nemi bashin gida, shi ake tarawa a lissafin fansho. A Fabrairun 2021 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke, a shari'ar da wasu ma'aikata suka shigar a kan AMN, cewa alawus ɗin da ake ragewa idan mutum ya rasa awannin aiki albashi ne a haƙiƙa, dole a sa shi cikin lissafin ƙarin lokaci.

Korona ta kai komai ƙololuwa. A Maris da Afrilun 2020 Niyu Yok ta kira, nas-nas suka amsa daga ko'ina, wasu suna sake amfani da takunkumi guda na kwanaki. Bayan haka cutar ta riƙa zagaya jihohi, farashi na binta, har aka ga tallan dubban daloli a mako. Zaunannun ma'aikata suka ga baƙuwar da ke gefensu tana karɓar ninkin albashinsu biyu ko uku, da yawa suka ajiye aiki suka bi sahu, gurbin da suka bari kuma aka cike shi da wani baƙon. Ƙungiyar asibitocin Amurka ta ce a 2019 'yan ci-rani na cin kashi 4.7 cikin 100 na kuɗin da asibiti ke kashewa a kan nas-nas, amma a Janairun 2022 ya kai kashi 38.6. Kuɗin shigar AMN ya tashi daga dala biliyan 2.2 a 2019 zuwa sama da biliyan 5 a 2022. A Janairun 2022 'yan majalisar wakilai kusan 200 suka rubuta wa Fadar White House suna neman a binciki farashin kamfanonin. Mutane da yawa sun zarge mu da kwaɗayi a lokacin, abin kuma ya yi mini ciwo. Na ga abin da waɗannan mata da maza suka ɗauka, na ga waɗanda ke riƙe waya a kunnen mai mutuwa domin iyalinsa su yi masa bankwana. Ba su suka tsara farashin ba, kuma asibitocin da ke kuka sun shafe shekaru suna ƙin ƙara wa zaunannun ma'aikatansu albashi.

Da cutar ta lafa a 2022, sai aka ga ainihin abin da takardun ke cewa. Nas ta kama haya na wata uku, ta tuƙo mota daga wata jiha, bayan sati biyu a kira ta a ce an rage kuɗin, ki karɓa ko ki tafi. Wasu an soke musu aikin tun suna hanya. An shigar da ƙararraki a kan kamfanoni da dama saboda haka. Na san waɗanda suka koma gida da bashi.

Saboda haka in an tambaye ni, nakan ce a fara da ranar da abu zai lalace. Idan asibiti ya soke aikin, me kamfani zai biya? Awa nawa aka lamunce a mako, kuma kwana nawa asibiti zai iya cewa a zauna a gida ba tare da biya ba? Awa 36 da ba a rubuta lamuninta ba, fata ce kawai. Idan ke ce rashin lafiya ya hana ki zuwa, akwai tara? Za a iya tura ki sashen da ba ki ƙware a kansa ba? Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi tsorata ni, domin baƙuwa ake fara turawa duk inda aka rasa mutum, kuma lasisinki ne a kan layi in an sami kuskure. Ki nemi a rubuta miki albashin awa daban, alawus daban, kuɗin ƙarin lokaci daban. Ki tambayi ranar da inshorar lafiya ke fara aiki, da abin da ke faruwa da ita tsakanin kwangila da kwangila. Ki tambaya ko kamfanin na da nas da za a kira da tsakar dare idan aka ɗora miki abin da ya fi ƙarfinki. Shaidar hukumar Joint Commission, wadda ta fara tantance irin waɗannan kamfanoni a 2004, alama ce mai kyau, amma takardu take dubawa, ba halin mutane ba. Wakilin da zai gaya miki cewa wani asibiti na da wahala, ko da hakan zai hana shi la'ada, ya fi sunan kamfani daraja. Mu da yawa wakili muke bi idan ya sauya wurin aiki. Sai dai komai kirkinsa, asibiti ne ke biyan kamfaninsa, kuma in an yi saɓani kamfani ya san wanda ba zai iya rasawa ba.

Masu rubuto mini daga Najeriya da Ghana suna buƙatar jin wani abu daban. Ba a sauka daga jirgi a fara ci-rani. Sai an ci jarrabawar lasisi ta NCLEX, an sami tantancewar takardun karatu ta CGFNS, an mallaki izinin aiki, sannan yawancin kamfanoni na neman gogewar shekara ɗaya ko biyu a fannin da za a yi, domin kwana ɗaya ko biyu kawai ake nuna wa baƙo hanya kafin a sakar masa majinyata. Kamfanonin da ke ɗauko nas daga ƙasashen waje wata harka ce daban: su biya kuɗin jarrabawa da na biza, a musanya da kwangilar shekara biyu zuwa uku da tara mai nauyi ga wanda ya fita. Akwai na kirki a cikinsu, akwai waɗanda ke mai da tarar sarƙa. A 2019 wata kotun tarayya a Niyu Yok ta yanke cewa barazanar tarar dala 25,000 da aka riƙa yi wa nas-nas 'yan Filifin sama da 200 ta saɓa wa dokar hana safarar mutane. Kafin sa hannu, a nemi lauyan da ba na kamfanin ba ya karanta, a kuma tabbatar ko tarar na raguwa yayin da ake cinye wa'adin, da ko kamfani zai iya tura mutum wata jiha ba da yardarsa ba.

Farashi ya sauko tun 2022, duk da cewa bai hana mutane yi ba. Wasu manyan rukunonin asibitoci, irin su UPMC a Pennsylvania, sun kafa nasu tsarin ci-rani na cikin gida, inda nas ke zagaya asibitocin rukunin amma tana ma'aikaciyarsu, da inshora da fansho. Kuɗin bai kai na kamfani a lokacin korona ba. Ga mai 'ya'ya a makaranta, ko wadda ke aika kuɗi gida duk wata ba fashi, nakan ce ta duba wannan kafin ta kira kowane wakili.