Abin da Kare Ya Gada Daga Doki da Jariri

Idan aka yi wa kare aiki a ƙashin baya, sau da yawa yakan tashi yana tangaɗi, yana jan ƙafa, domin ƙwaƙwalwarsa ta daina sanin inda ƙafar take. Wani masani na Ingila, Charles Sherrington, shi ya raɗa wa wannan ji suna a 1906, ya bayyana cewa tsoka da gaɓoɓi kullum suna aika wa ƙwaƙwalwa labari.

Kayan farfaɗo da jin kuwa duk na aro ne. Sandunan da ake jerawa ƙasa kare ya riƙa tsallakewa, asalinsu horon dawaki ne na Federico Caprilli, hafsan sojan Italiya, wanda ya rasu a 1907. Babbar ƙwallon roba ma a Italiya aka ƙera ta a 1963, masu gashin ƙashi a Suwizalan suka soma aiki da ita wajen jarirai. Idan aka ɗora kare a kanta, tana motsi yana neman tsayuwa, har jijiyoyinsa su sake koyon aikinsu.

A 1999 Jami'ar Tennessee ta Amurka ta buɗe kwas musamman na wannan fanni. Da haka karnuka da yawa waɗanda dā za a fid da rai a kansu suka sake takawa da ƙafarsu.