Ma'aunin Zaɓen Manyan Kalmomi wajen Faɗaɗa Rumbun Kalmomin Ingilishi

Tsakure

Maƙalar ta nazarci abin da ya kamata a kira babbar kalma a koyon Ingilishi, ta kuma kafa hujja da binciken masana cewa yawan aukuwar kalma a rubutun ilimi shi ne ma'aunin da ya dace a zaɓe ta da shi, ko da kuwa gajeriya ce wadda ba ta burge mai sauraro.

Gabatarwa

Ɗalibin da ya samu kansa a jami'ar da Ingilishi ne harshen koyarwa, kamar yadda lamarin yake a Nijeriya da Ghana, yakan tarar cewa Turancin da ya ishe shi hira da rubuta wasiƙa bai ishe shi karanta littafin fanninsa ba. Da yawa sukan nemi magani ta hanyar haddace dogayen kalmomi daga ƙamus, domin an daɗe ana ɗaukar dogon Turanci a matsayin shaidar zurfin karatu. Bukatar tasu gaskiya ce, hanyar ce ke da rauni, kuma wannan rauni yana cinye lokacin ɗalibai masu ƙwazo waɗanda suka cancanci jagora mafi inganci.

Yawan kalmomin da karatu ke bukata

Masana ba sa ƙirga kalmomi ɗaiɗaiku, sukan yi amfani da ma'aunin dangin kalma, wato saiwar kalma haɗe da duk sigogin da ake ƙira daga gare ta, ta yadda analyse da analysis da analyst za su zama dangi guda. A 1989 Batia Laufer ta nuna cewa mai karatu na bukatar sanin aƙalla kashi 95 cikin 100 na kalmomin matani kafin ya fahimce shi daidai gwargwado, sannan a 2000 Marcella Hu da Paul Nation suka ɗaga wannan mizani zuwa kashi 98 ga wanda zai yi karatu ba tare da mai taimako ba. A ido tazarar ƙarama ce, amma a shafi mai kalmomi 300 tana nufin bambanci tsakanin baƙin kalmomi 15 da guda 6, kuma wanda ke tuntuɓe sau 15 a kowane shafi da wuya ya riƙe zaren bayanin marubuci. A 2006 Nation, na Jami'ar Victoria da ke Wellington a New Zealand, ya ƙiyasta cewa kai wa kashi 98 na bukatar dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000 a rubutu, da 6,000 zuwa 7,000 a magana.

Tunda adadin ya kai haka, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce da waɗanne kalmomi za a fara. Jerin da Michael West ya wallafa a 1953 ya tattara kalmomi kimanin 2,000 da suka fi yawo a harshen, kuma su ne harsashi. A 2000 Averil Coxhead ta gina taskar matani, wato tarin rubuce-rubuce da ake ƙirga kalmominsu da kwamfuta, mai kalmomi kusan miliyan 3.5 daga fannonin adabi da zamantakewa, kasuwanci, shari'a da kimiyya, ta kuma fitar da dangogi 570 waɗanda ba sa cikin jerin West amma suna maimaituwa a dukkan fannonin. Waɗannan dangogi kaɗai sun ɗauki kusan kashi 10 cikin 100 na kalmomin taskar, alhali dubu na biyu na jerin West bai kai kashi 5 ba, kuma a littattafan ƙirƙirarrun labarai rabon dangogin na Coxhead bai kai kashi 2 ba. Wannan ne ya sa ɗalibin da ya ƙware a karatun labarai zai iya kasa gane maƙalar ilimi. Abin lura shi ne kalmomin da ke sahun farko, irin su assume da concept da evident, ba su da wani kwarjini a kunne, amma da su ake kafa hujja, a auna ra'ayi, a yanke hukunci.

Asalin kalmomin da yadda ake riƙe su

Fiye da kashi 80 cikin 100 na jerin Coxhead sun samo asali ne daga Latin ko Girkanci, da dama daga cikinsu ta hanyar Faransanci da ya mamaye fada da kotunan Ingila bayan cin ƙasar da Normawa suka yi a 1066. Lamarin ya yi kama da yadda kalmomin ilimi da shari'a a Hausa suka fito daga Larabci. Sakamakonsa shi ne ɗalibin Jamhuriyar Nijar da ya yi karatu da Faransanci yakan gane kaso mai tsoka na waɗannan kalmomi tun kafin a koya masa, shi kuwa takwaransa na Kano ko Sakkwato sai ya fara daga tushe. Saboda haka koyar da ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya, wato ɓangarorin da ake liƙawa a farko ko ƙarshen saiwa, ya fi zama wajibi ga ɗalibin Kano ko Sakkwato, domin saiwa guda tana buɗe ƙofar kalmomi masu yawa.

Tun a 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, don haka bitar da aka rarraba cikin kwanaki da makonni ta fi haddar dare ɗaya amfani. Bita kaɗai kuma ba ta wadatar ba, domin sanin kalma ya ƙunshi sanin kalmomin da take tafiya da su da kuma muhallin da ta dace, abin da ba a samu sai ta yawan karatu da gwada rubutu. Gwajin da Daniel Oppenheimer ya wallafa a 2006 ya ƙara nuna cewa masu karatu sukan rage darajar basirar marubucin da ya cusa kalmomi masu wuya inda masu sauƙi za su isa.

Duk da haka jerin Coxhead bai tsira daga suka ba, domin a 2007 Ken Hyland da Polly Tse sun nuna cewa kalma guda takan sauya ma'ana da yawan aukuwa daga fanni zuwa fanni. Wannan suka na da ƙarfi, kuma abin da take ɗora wa jami'o'i shi ne kada a bar aikin ga malamin Ingilishi na shekarar farko shi kaɗai. Malamin shari'a da na injiniyanci su ne suka san yadda kalmar ke aiki a fagensu, kuma a cikin darussansu ya kamata ɗalibi ya ci gaba da koyonta.