Ƙurar Asbesto da Ciwon da Ya Ɓuya a Bayan Tarin Fuka

Ya kai mai karatu, in ka taɓa zama a ajin tsohuwar firamare a Tambuwal ko Dogon Daji, ko ka shiga wani tsohon ofishin gwamnati a Kebbe, ka ɗaga kai ka ga silin mai ruwan toka, to mai yiwuwa asbesto ka gani. Magina sun so shi ƙwarai a zamaninsa, domin wuta ba ta cinsa, gara ba ta taɓa shi, kuma ba ya tsatsa. Sai dai akwai wani ciwon daji da ke biyo bayan shaƙar ƙurarsa, wanda likitoci ke kira mesoteliyoma. Yana kama tantanin da ya lulluɓe huhu, wani lokaci kuma tantanin cikin ciki. Tarihin gano shi ya shafe mu, domin an daɗe ana ɗaukarsa a matsayin tarin fuka, wato tibi.

Labarin ya faro ne daga Afirka ta Kudu. A shekarun 1950 akwai wani likita mai suna Christopher Sleggs a asibitin masu tarin fuka na garin Kimberley. Sababbin magungunan tibi sun iso, majinyata suna ta warkewa, amma ya lura da wani abu mai ɗaure kai. Wasu daga cikin waɗanda ruwa ya taru a ƙirjinsu ba sa jin magani, sai rama da ciwo har rai ya yi halinsa. Da ya bi asalinsu, sai ya ga sun fito ne daga yamma da garin, yankin da ake haƙar shuɗin asbesto. Ya haɗa kai da likitoci biyu, Chris Wagner da Paul Marchand, kuma a shekarar 1960 suka wallafa bayanin majinyata 33. An tabbatar 32 daga cikinsu sun yi cuɗanya da ƙurar asbesto. Da yawansu ko ramin haƙar ba su taɓa shiga ba. Zama kusa da wurin kawai suka yi, ko wasa a kan tulin sharar ma'adinin suna yara.

Daga nan aka fahimci yadda abin yake. Asbesto ma'adini ne mai zare-zare, siraran da ido ba ya gani. In an shaƙe su sukan kutsa har tantanin huhu su maƙale, jiki ya kasa narkar da su ko fitar da su. Sukan zauna shiru shekara 20 zuwa 50 kafin ciwon ya bayyana. Wannan dogon jinkiri shi ya sa duniya ta makara. Birtaniya ba ta haramta dukkan nau'o'insa ba sai 1999, Tarayyar Turai a 2005, ita kanta Afirka ta Kudu sai 2008.

Mu kuwa a Nijeriya, lokacin da ake bayyana haɗarin a waje shi ne lokacin da kasuwarsa ke bunƙasa a gida. An yi masana'antun kwanon rufi da silin na asbesto a Legas da Inugu da Kano da Bauchi. A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato, a shekarar kuma aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, aka shiga gina azuzuwa da asibitoci da gidajen ma'aikata ko'ina a ƙasar. Gine-gine da yawa na wancan zamani da asbesto aka yi musu sili ko rufi. Ka lissafa da kanka. Saurayin da ya yanka silin da zarto a wancan lokaci, ko ya je cirani ya yi leburanci a wurin gini, yau dattijo ne, kuma yana tsakiyar shekarun da ciwon ke bayyana.

To, me likitanci ya tanada? Gaskiyar magana, har yau ba a samu maganin da ke warkar da shi gaba ɗaya ba. Shekaru da dama bayan 1960 babu abin a zo a gani. Sai a 2003 aka wallafa wani gwaji da ya nuna cewa haɗa magunguna biyu, pemetrexed da cisplatin, ya ɗaga matsakaicin tsawon rayuwar majinyata daga wata 9 zuwa wata 12. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wasu biyu, nivolumab da ipilimumab, masu zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi ciwon. A gwajinsu matsakaicin ya kai wata 18, a kan wata 14 na waɗanda aka bai wa tsofaffin magungunan. Amma tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin gidaje. Tiyata kuwa, wani babban bincike a Birtaniya da aka wallafa a 2024 ya nuna cewa yanke tantanin huhu bai ƙara wa majinyata kwana ba. Waɗanda ke kai shekara biyar bayan gano ciwon ba su wuce kimanin ɗaya cikin goma ba. Rai dai a hannun Allah yake, kuma wasu nau'o'in ciwon sun fi wasu sauƙi.

Kada wannan ya sa ka ce zuwa asibiti ɓata kuɗi ne. Ana zuƙe ruwan da ya taru a ƙirji, numfashi ya dawo. Ana iya zuba wata hoda ta musamman tsakanin tantanin biyu su manne, ruwan ya daina taruwa. Gashi da na'ura yana rage raɗaɗi, haka ma magungunan kashe zafi masu ƙarfi da likita ke rubutawa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato yana da sashen kula da ciwon daji, kuma can ne mafi dacewa a nemi takardar turawa daga asibitin Tambuwal ko na Kebbe. Sanin gaskiyar ciwon kansa rahama ce, domin yana hana iyali sayar da gona da dabbobi suna yawon neman maganin abin da ba su san sunansa ba.

Darasin Kimberley shi ne na farko da zan bar maka. A wajenmu, mafi yawan masu tari da ruwa a ƙirji tibi ne ke damunsu, kuma gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. A fara da wannan. Amma in an sha magani bisa ƙa'ida wata biyu ko uku, ciwon ƙirji da haki da rama suna ƙaruwa, to a koma wurin likita. A faɗa masa sana'ar da majinyaci ya yi tun yana matashi, ko kafinta ne, ko magini, ko bakanike mai gyaran birki, domin a da ana sa asbesto a takalmin birki. Hoton ƙirji kaɗai ba ya tabbatar da ciwon, sai an ɗebo ɗan yanki na tantanin an duba a ɗakin gwaji.

Darasi na biyu yana saman kanka. Silin da ke zaune lafiya, bai fashe ba, haɗarinsa kaɗan ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In za a sauke tsohon sili ko rufi, a jiƙa shi da ruwa tukuna, a cire shi ɗungurungum ba tare da fasawa ba. Kada a yanka shi da zarto ko inji, kada a share ƙurarsa a bushe. A kori yara daga wurin, a naɗe ɓaraguzan cikin leda mai kauri a binne su nesa da gida da rijiya. Kada a cike rami da su a ƙofar gida, kada a yi wa kaji akurki da su. Mai aikin ya sa takunkumi na musamman, domin na ƙyalle ba ya tare wannan ƙura, kuma ya cire tufafin aikin kafin ya shiga cikin iyalinsa, saboda an samu matan da suka kamu ta hanyar wankin kayan mazajensu.

Yaron da ke wasa da fasasshen sili a yau ba zai yi tari gobe ba, sai bayan ya yi furfura. Ka kawar da ɓaraguzan tun yanzu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mu da zuriyarmu.