Himma da Hanyar Gwanja

Duk wanda ya ratsa zangon Hausawa a Tamale ya iske mutum tsugune a kan sana'arsa, ko ɗinki ko tsintar goro, ba ya wucewa sai ya ce masa sannu da himma, alhali da wuya mai gaisuwar ko mai amsawa ya tsaya yin nazarin inda kalmar ta samo asali, da irin tafiyar da ta sha kafin ta iso ƙasar Dagomba. Larabci ce tsantsa, tushenta ɗaya da muhimmi, kuma ma'anarta ta asali ita ce abin da ya cika wa mutum zuciya har ya hana shi sakat. Malaman tasawwufi suka ɗauke ta suka ɗaukaka darajarta, suna nufin tattara zuciyar muridi kacokan ga neman yardar Ubangiji, ba tare da waiwayen wani abu ba. Daga zaurukan malamai ta gangaro cikin jama'a, har aka wayi gari ana cewa himma ba ta ga raggo.

Wajibi ne a rarrabe ta da ɗoki da zumuɗi, domin waɗannan biyu na farkon al'amari ne, suna tashi da ƙarfi su kwanta da wuri, ita kuwa himma ba a tabbatar wa mutum da ita sai aiki ya yi nisa, gajiya ta kama kowa. A ganina babu inda wannan bambanci ya bayyana kamar a fataucin goro. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, cikin ƙarni na 15, amma a ƙarni na 19 ne ta bunƙasa ƙwarai, sa'ad da Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suke haɗa ayari a ƙarƙashin madugu, su ɗora wa jakuna kanwa da tufafi da jar fata, su ƙetare Kwara, su bi ta Nikki da Zugu, wasu ta Sansanin Mango da Yendi, har su sauka Salaga, inda goron Asante yake jiransu. Tafiya ce ta watanni, kowane sarki a hanya da nasa fito, kowane daji da nasa 'yan fashi.

Komowar ce ma ta fi wuya, saboda goro ba ya yafe sakaci. Bayan 'yan kwanaki dole falke ya kwance huhu, ya bi goron ɗaya bayan ɗaya yana fitar da mai sankara tun bai lalata sauran ba, ya yayyafa ruwa daidai gwargwado, ya sake ganye, sa'an nan ya ɗaure, kuma duk wannan a zango ake yinsa bayan an wuni ana tafiya a rana. Wanda ɗokin riba kaɗai ya fito da shi daga gida, a nan ake gane shi.

Ayarin nan ba haja kaɗai ya ɗauko ba, domin da wuya a rasa malami a cikinsa, mai limanci da rubuta wasiƙu da duba ranar tashi. Mafi shahara cikin irinsu shi ne Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Salaga yana karantarwa, ya bar rubuce-rubuce masu yawa da Larabci da ajamin Hausa, ya rasu a Kete-Karachi a 1934. Shi ya ga rushewar kasuwar Salaga da idonsa. Tun da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874 ikon Asante a kan Gwanja ya raunana, goro ya fara sauya hanya, sai kuma yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwa da malamai zuwa Kete-Karachi da Yeji da Kintampo da wasu garuruwa.

Tamale a lokacin ba ta kai a kira ta birni ba. Sai a 1907, da Turawa suka ɗauke hedkwatar yankunan Arewa daga Gambaga suka mai da ita can, garin ya fara jawo mahauta da dillalai da masu ɗinki, tare da sojoji da 'yan sandan da Hausa ce harshen barikinsu ko da ba Hausawa ba ne. Hausar da ta zauna a nan ta sauƙaƙa, har ba ta cika rarrabe namiji da mace ba, abin da Bakano kan ji baƙo a kunnensa, amma kalmomin addini da na ciniki sun tsaya da ƙafafunsu, har sunayen ranakun mako a Dagbanci, irin su Atani da Alizumma, na Larabci ne. Almajirancin da ya biyo goro kuwa ya yi saiwa a hannun 'yan ƙasa: Afa Ajura, Badagombe, shi ya kafa makarantar Anbariyya a Tamale, ya yi shekaru yana muƙabala da malaman Tijjaniyya, kuma ɗalibanta da dama sun wuce Madina neman ƙarin ilimi.