Idan Kamfanin Haya Ya Azabtar Da Fursunonin Yaƙi, Wa Zai Hukunta Shi?

Mai karatu, idan soja ya azabtar da fursuna a fagen yaƙi, an san inda za a kai shi. Yana da lamba, yana da kwamanda, akwai kotun soja da ke jiransa. To idan wanda ya yi aika-aikar ma'aikacin wani kamfani ne da gwamnati ta ba kwangila fa? Wace kotu ce za ta kama shi? Wannan tambaya ta daɗe tana wahalar da masana shari'a, kuma tarihinta ya ratsa ta ƙasarmu.

Kai da ke karanta wannan daga Mashi ko Daura, wataƙila abin da ka riƙe shi ne Turawan mulkin mallaka sun iso Katsina a 1903. Amma wanda ya share masu hanya kamfani ne na 'yan kasuwa. A 1886 gwamnatin Ingila ta ba Royal Niger Company, ƙarƙashin George Goldie, takardar izinin yin mulki a yankin kogin Kwara da Binuwai. Kamfanin ya kafa rundunarsa, wadda Hausawa da Yarabawa suka fi yawa a cikinta, ya kuma yaƙi Bida da Ilori da ita a farkon 1897. Yana da kotunsa da kurkukunsa a Asaba. Ka ga kenan wanda kamfanin ya zalunta, gaban alƙalin da kamfanin ke biya albashi zai kai kuka. Da gwamnatin Ingila ta karɓe mulkin a ranar 1 ga Janairun 1900, sai ta sallami kamfanin da fam 865,000.

Bayan shekara ɗari da 'yan kai, irin wannan matsala ta sake bayyana a Iraƙi. Lokacin da Amurka ta mamaye ƙasar a 2003, ta cika kurkukun Abu Ghraib da ke yammacin Bagadaza da dubban mutane, alhali ba ta da isassun masu tatsar bayanai da tafintoci. Sai ta yi haya. Kamfanin CACI ya kawo masu yi wa fursunoni tambayoyi, kamfanin Titan kuma ya kawo tafintoci. A ƙarshen Afrilun 2004 gidan talabijin na CBS ya nuna hotunan abin da ke faruwa a ciki: mutane tsirara an jibge su kan juna, wasu an rufe masu kai da buhu, wasu ana tsorata su da karnuka. Binciken da Manjo Janar Antonio Taguba ya yi ya ambaci sojoji, ya kuma ambaci ma'aikatan waɗannan kamfanoni.

Sojoji 11 kotun soja ta samu da laifi. Charles Graner ya samu ɗaurin shekara 10, Lynndie England shekara 3. Amma daga cikin 'yan kwangilar Abu Ghraib, ko mutum ɗaya ba a gurfanar bisa tuhumar aikata laifi ba. Me ya sa?

Ƙofofi uku ne suke a rufe. Ta farko, kotunan Iraƙi: Paul Bremer, wanda Amurka ta naɗa ya mulki ƙasar, ya sa hannu kan Doka ta 17, wadda ta ba 'yan kwangila rigar kariya daga shari'ar Iraƙi kan abin da ya shafi aikinsu. Ta biyu, kotun soja: a lokacin ba ta da hurumi a kan farar hula sai idan majalisar dokokin Amurka ta ayyana yaƙi a hukumance, ita kuwa ba ta yi hakan ba. Ta uku, kotunan cikin Amurka: dokar shekarar 2000 da ke ba su damar hukunta farar hula kan laifin da suka yi a waje ta tsaya ne kan masu yi wa ma'aikatar tsaro aiki. Ita kuwa kwangilar CACI, ta ma'aikatar harkokin cikin gida aka bi da ita, a ƙarƙashin wata yarjejeniya ta ayyukan kwamfuta. Ka ji yadda takarda ke iya ɓoye mutum.

Hanyar da ta rage wa waɗanda aka azabtar ita ce neman diyya. Akwai wata tsohuwar dokar Amurka ta 1789 da ta ba baƙo damar kai ƙara kan cutarwar da ta saɓa wa dokokin ƙasa da ƙasa. Da ita wasu 'yan Iraƙi suka maka CACI a kotu a 2008. Wata ƙarar da aka kai kamfanin da ya gaji Titan ta ƙare da sulhu a 2012, inda aka biya mutum 71 dala miliyan 5.28. Shi CACI ya ce sai dai a yi shari'a.

A nan ne Najeriya ta sake shigowa labarin. Esther Kiobel, matar Barinem Kiobel wanda gwamnatin Abacha ta rataye tare da Ken Saro-Wiwa a Nuwamban 1995, ta kai kamfanin Shell ƙara a Amurka da wannan doka ta 1789. A Afrilun 2013 kotun ƙolin Amurka ta ce dokar ba ta shafi abin da ya faru a wata ƙasa ba, sai idan yana da alaƙa mai ƙarfi da Amurka. Bayan wata biyu alƙali ya dogara da wannan hukunci ya kori ƙarar 'yan Iraƙin. Sai a 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta dawo da ita, tana mai cewa CACI kamfanin Amurka ne, ma'aikatan Amurkawa ne, kwangilar ma a Amurka aka ƙulla ta.

Haka aka yi ta ja-in-ja har 2024. Zaman farko a Afrilu ya watse domin masu taimaka wa alƙali sun kasa daidaitawa. Hujjar kamfanin ita ce ma'aikatansa aron su aka ba soja, don haka laifinsu na wuyan soja. A zama na biyu an ƙi yarda da wannan. Ranar 12 ga Nuwamban 2024, a garin Alexandria na jihar Virginia, aka samu CACI da alhakin haɗa baki da 'yan sandan soja wajen gallaza wa fursunoni domin su yi laushi kafin tambayoyi. Aka yanke dala miliyan 42 ga mutum uku: Suhail Al Shimari, shugaban makaranta, Salah Al-Ejaili, ɗan jaridar Al Jazeera, da Asa'ad Al-Zuba'e, mai sayar da 'ya'yan itace. Kowanne miliyan 14. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara. Lissafa da kanka: sojoji an hukunta su cikin kimanin shekara biyu, kamfani kuwa sai da aka shekara ashirin.

Kada ka ɗauka wannan labarin nesa ne. A farkon 2015 kamfanin STTEP na Eeben Barlow, tsohon sojan Afirka ta Kudu, ya yi wa Najeriya aiki a yaƙi da Boko Haram. A Mali kuwa, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na Mayun 2023 ya ce sojojin ƙasar tare da wasu baƙin mayaƙa sun kashe aƙalla mutum 500 a garin Moura a Maris ɗin 2022, akasarinsu bayan an kama su an tsare. Masu kare haƙƙin ɗan Adam sun ce baƙin 'yan Wagner ne, gwamnatin Mali ta yi watsi da rahoton. Akwai takardar Montreux ta 2008 da ke tuna wa ƙasashe nauyin da ke kansu idan sun ɗauki irin waɗannan kamfanoni, sai dai ba ta tilasta wa kowa.

Duk lokacin da matsalar 'yan bindiga ta yi ƙamari a Arewa maso Yamma, za ka ji wasu na kiran a kawo sojojin haya. Wanda aka ƙone wa gida yana da dalilinsa na faɗar haka. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kafin a sa hannu, ya kamata mu nemi amsar tambayoyi uku daga wakilanmu: wa ke ba su umarni, a hannun wa mutanen da suka kama za su zauna, kuma idan suka azabtar da ɗan'uwanka, wace kotu ce a ƙasar nan za ta saurare ka?